Ƙofar Ɗakin Inna

Badafi,
Litinin, 6 ga Mayu.

Zuwa ga yayata Lubabatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jego? Yaya jaririya? Allah ya raya mana ita. Yaya Inna da ɗawainiyar ruwan wanka? Allah ya saka mata da alheri.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, alhali ga waya a hannun kowa. Wayarki ce ba ta da sirri. Duk sanda na kira, sai Inna ta ce a buɗe murya ta ji autanta, ni kuwa abin da ke bakina ba na kunnen Inna ba ne. Shi ya sa na ba Ukasha direba wannan, na ce ya damƙa miki hannu da hannu. Don Allah ki shiga ɗaki kafin ki karanta.

Yaya, na yi ɓarna.

Tun da Inna ta tafi Doguwa wajenki nake ta saƙa yadda zan faranta mata in ta dawo. Kin san ƙyauren ɗakinta, na kwanon nan da muka tashi muka gani. Tsatsa ta cinye gindinsa, ba ya rufuwa sai an tokare shi da turmi, awaki kuwa sun mayar da ɗakin kamar nasu. Sai na shiga Kano na sayo ƙyaure uku na katako, haɗaɗɗu da firam ɗinsu, masu ado, ruwan ƙasa, sai ƙyalli suke. Ɗaya na ɗakinmu, ɗaya na ɗakin ajiya, mafi kyan na Inna.

Matata Nusaiba ta ce in kira kafinta. Na ce mata mene ne abin wuya a kafa ƙofa? Mutumin da ya shekara tara yana koyar da lissafi a sakandare, a ce tsawo da faɗi sun gagare shi? Na kalli bidiyo uku a waya, na aro guduma da zarto, na sayi tef na awo, na naɗe hannun riga.

Na ɗakinmu ya ci mini yini biyu. Yana buɗuwa, sai dai in ka sake shi ya lallaɓa ya koma da kansa. Na ɗakin ajiya yana jan ƙasa, sai ka sa kafaɗa. Amma dai sun tsaya, ɗakunan bulo ne. Da na ga haka sai kaina ya kumbura.

Ɗakin Inna kuwa, kin san soron ƙasa ne, wanda marigayi Baba ya gina da hannunsa. Kin kuma san ƙofarsa gajera ce. Ba sai na tuna miki abin da yake faɗa ba in baƙo ya buge goshi: “Da gangan na yi ta haka. Duk wanda zai shiga wajen uwar ’ya’yana, sai ya sunkuya.” Mun ji wannan magana ya fi a ƙirga.

Na jingina sabon ƙyaure, sai na ga ya fi ƙofar tsawo da taƙi guda da ’yan yatsu. Ban auna ba kafin in saya, Yaya. Malamin lissafi! Hanya biyu ce a gabana: in yanke ƙyaure, ko in ɗaga ƙofa. Na dubi adon ƙyauren, na ji tausayinsa. Ban ji tausayin bango ba. Na ɗauko diga na sare saman ƙofar, na zare azara huɗun da ke gicciye a wurin. A bidiyon babu wanda ya ce mini su ke ɗauke da soron.

Ina zare ta huɗu na ji ƙas! Bango ya tsage daga kan ƙofar har rufi. Yau kwana biyu, tsagar tana ƙara baki, yanzu tafin hannuna yana shiga. Ga hadari kullum yana haɗowa ta wajenku.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Arba’in ɗinki saura kwana goma sha shida. Ki riƙe mini Inna, ki ƙara ko da mako biyu ne. Ki ce bayanki na ciwo, ki ce komai. Zan gyara kafin ta gani. In Inna ta dawo ta tarar na rushe ɗakin da Baba ya gina mata, ban san inda zan sa fuskata ba.

Ki gai da maigidan da yara. Inna kuwa ki ce ina gaishe ta, lafiya lau muke.

Ƙaninki,
Mujitaba.

*

Doguwa,
Laraba, 8 ga Mayu.

Mujitaba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jaririya na shan nono, Inna na nan garau, ta fi ni ƙarfi ma.

Na karanta takardarka a banɗaki, don nan kaɗai Inna ba ta bi na. Na yi salati, na yi dariya, na koma na yi hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba. Kai Malam! Sannu gwani na bidiyo! Garin neman gira ka rasa ido. Ashe da gaske ne ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ko ni da ban taɓa riƙe guduma ba na san ba don ado aka jera azara a kan ƙofa ba.

In riƙe Inna? Ka san wadda kake magana a kanta kuwa? Matar da take ƙirga kwanaki da ƙwayar masara a gwangwani? Mu nan ruwa ya sauka tun makon jiya, mutane sun duƙufa shuka. Kullum ta leƙa sama sai ta ce, “Kuɓewata da yakuwata na bayan ɗaki suna jirana.” Jiya ma cewa ta yi in tambaye ka ko ka duba indararon soronta. Na ce ka duba. Ka ga har ka fara sa ni ƙarya ina cikin jego.

Zan gwada, amma ban yi maka alkawari ba.

Yanzu ka saurara. Ka ajiye digar nan, ka ajiye wayar nan. Mutum ɗaya ne ya san ɗakin nan ciki da bai, kai ma ka san shi. Kawu Mamman yana nan Tudun Wada, rumfarsa ba ta tashi daga inda take ba. Ƙanin Inna ne ciki ɗaya, shekara arba’in yana aikin kafinta, kuma shi ya yi tsohon ƙyauren da ka cire.

Na san abin da ya hana ka. Ina wurin ai. Shekarar da ka gama sakandare, ya ce ka zo hutu ya koya maka sana’a, ka dube shi a gaban mutane a zauren Baba ka ce, “Ni da biro zan ci abinci, Kawu, ba da guduma ba.” Ya sa takalminsa ya tafi. Tun ran nan gaisuwar salla kaɗai ke tsakaninku. Yanzu kuma ka tsallake shi ka je Kano ka sayo ƙyauren kanti. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je ka durƙusa.

In ka tsaya jin kunya, ruwa ba ya jin kunyar kowa.

Ka gai da Nusaiba. Ka ce na ce ta yi haƙuri da kai, mu ma haƙurin muka yi.

Yayarka,
Lubabatu.

*

Badafi,
Lahadi, 12 ga Mayu.

Yaya Lubabatu,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na gode, duk abin da kika faɗa na cancanta.

Ban ji maganarki ba. Gara in faɗa da bakina.

Na ce bari in gwada sau ɗaya tak kafin in kai kaina Tudun Wada. Ran Alhamis da na taso daga makaranta na kwaɓa siminti na cusa a tsagar, na shafe, har ya yi kyan gani. Ran Juma’a da la’asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Siminti bai kama ƙasa ba, ya ɓanɓaro ya faɗo gaba ɗaya, ya taho da wani ɓangaren bangon. Ruwa ya bi tsagar ya shiga ɗaki. Ni da Nusaiba muka yi ta kwasar kayan Inna a guje: katifa, kwallaye, akwatin zannuwanta, buzun sallar Baba. Buzun ya jiƙe. Nusaiba ta shanya shi a igiya ta koma ɗaki, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba.

Da ruwa ya ɗauke, maƙwabta suka ji labari, suka yi sallama, su Malam Tasi’u liman da Alhaji Ghali da wasu dattawa uku, duk abokan Baba. Suka tsaya suna duban bangon. Liman ya ce, “Subhanallahi, me ya sami ginin Malam Adamu?” Na buɗe baki, Yaya, sai na ji kaina ina cewa, “Gara ce. Azarar da Baba ya sa ba ta da kyau, ta ruɓe, ina taɓawa ta zube.”

Alhaji Ghali ya girgiza kai ya ce, “Ikon Allah. Mu kuwa muna ganin marigayi ya san itace.” Suka yi mini jaje, har suna sa mini albarka wai na lura da wuri.

Azarar nan huɗu lafiyarsu ƙalau. Ko ƙusa ba ta shigarsu da daɗi. Suna bayan rumbu, na lulluɓe su da kara tun kafin mutanen su shigo. Ke nan ban ma iya cewa ƙaryar ta suɓuce mini ba, na shirya mata wuri. Na yi ɓarna da hannuna, na ɗora wa mutumin da ke kabari, wanda ba zai iya tashi ya ce ba haka ba ne.

Na rubuta wa Kawu. Ukasha zai ajiye masa a hanya kafin ya iso wajenku. Na so in je da ƙafata, na kai har bakin titi na dawo.

Ki sa ni a addu’a.

Mujitaba.

*

Badafi,
Lahadi, 12 ga Mayu.

Zuwa ga Kawuna, Malam Mamman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan Kawu yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali baki ɗaya. Yaya aiki, yaya damina? Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da nisan kwana.

Kawu, ni ne Mujitaba. Na san ba ni da bakin da zan nemi alfarma a wajenka. Shekara goma sha biyar ke nan na faɗa maka maganar da ɗa ba ya faɗa wa uba, a gaban mutane, kuma ban taɓa zuwa na ce ka yafe mini ba. Yau na zo, kuma ina jin kunyar cewa buƙata ce ta kawo ni. Da na zo tun ba na neman komai, da ya fi.

Na sayo ƙyaure zan sa wa ɗakin Inna. Ya fi ƙofar tsawo, na sare saman ƙofar, na zare azara huɗu. Bango ya tsage har rufi. Na cusa siminti, ruwa ya fitar da shi. Yanzu saman ƙofar a buɗe yake, faɗin tsagar yatsa biyar a ƙasa, biyu a sama. Inna za ta dawo nan da kwana goma, ba ta sani ba.

Ba don ni ba, Kawu. Don ɗakin ’yar’uwarka.

In ka ƙi, ban ga laifinka ba.

Ɗanka mai neman gafara,
Mujitaba Adamu.

*

Tudun Wada,
Litinin.

Mujitaba,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda. Rubutunka yana da kyau, biro ya yi rana.

Ka nemo gwafa biyu masu kauri. Ka gicciya katako a ƙarƙashin rufin daga ciki, ka tokare shi da su, dama da hagu. Ka hau ka shimfiɗa tamfol a kan soron, ka danne da duwatsu, kada ka taka kusa da tsagar. Kada kowa ya kwana a ciki. Ka sa a kwaɓa jan ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana uku tana tsima. Siminti da ginin ƙasa ba sa zama inuwa ɗaya.

Kada ka ƙara taɓa komai.

Riga ake yanka wa mutum. Ba a sassaƙe mutum don ya shiga riga.

Ina tafe ran Asabar da hantsi in Allah ya kai mu. Maganar da ta wuce kuwa, yaro ne ya faɗe ta, ban san ko yana nan ba. In na zo zan gani.

Mamman kafinta.

*

Badafi,
Lahadi, 19 ga Mayu.

Yaya Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kawu ya zo jiya.

Ya tsufa, Yaya. Gemunsa ya yi fari fat, ban sani ba, don rabon da in dube shi da kyau na manta. Ya sauko daga mota da jakar kayan aikinsa ta buhu, na kai hannu zan karɓa, ya bar mini. Na durƙusa a zaure zan fara ba da haƙuri, ya ce, “Tashi, hadari ba zai jira ka gama ba.”

Ya fara da ƙyauren ɗakinmu. Ya buɗe, ya saki, ya tsaya yana kallo har ya koma ya rufe kansa. Ya ce, “Wannan ya fi mai shi kunya.” Nusaiba ta toshe baki da mayafi ta shige madafa. Ya nuna mini firam ɗin ya karkata, ya ɗaura dutse a zare ya saki a gefensa, na ga karkatar da idona. Zare da dutse, Yaya! Ni da nake zana miƙaƙƙen layi a allo kullum.

Muna tsaye a gaban ɗakin Inna sai ga Liman da Alhaji Ghali sun shigo gaishe shi. Alhaji Ghali ya ce, “Ka ga abin da gara ta yi wa azarar surukinka?” Kawu ya dubi bangon, ya dubi sawun diga a jikinsa, ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, “Na gani. Allah ya kyauta.”

Da suka fita ya ce, “Ina ka kai su?” Na kai shi bayan rumbu na yaye karan. Ya ɗaga guda ya ƙwanƙwasa da guduma, ta yi ƙara kamar ƙarfe. Ya ce, “Ni da ubanka muka ɗauko waɗannan a ka, tun daga fadama, ya zaɓi giginyar da kansa. Za su binne ni, su binne ka.” Na fashe da kuka a gabansa kamar ɗan yaye. Bai rarrashe ni ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini gudumar ya ce, “Riƙe.”

Mun yini muna aiki. Ya sa na taka ƙasa da ƙafata, na cura, na miƙa, yana cike tsagar daga sama kaɗan-kaɗan. Ya ce bangon zai tsaya, an ci sa’a rufin bai motsa ba. Hannuna duk ya yi kanta, ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

Sai muka zo kan azara. Ya ce tun da an riga an fasa, ana iya mayar da su inda suke, a yanke ƙyaure. Ana kuma iya ɗaga su taƙi guda, ƙyaure ya shiga yadda yake, kowa ya shiga a miƙe. Na ce ya zaɓa. Ya ce, “Ɗakina ne?” Na ce to a mayar yadda take, Inna ba za ta gane ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Ka yi wa mamaci ƙarya, yanzu saura mai rai? Ba zan ɗora azara ko ɗaya ba sai mai ɗaki ta faɗi inda take so. Akwai abin da ta sani a kan ƙofar nan wanda ba ka sani ba, kuma ba a bakina za ka ji ba.”

Ya koma Tudun Wada da yamma, ya ce in aika masa in amsa ta zo.

Saboda haka, Yaya, na janye roƙona na farko. Kada ki ƙara ɓoye mata. Ki zaunar da Inna ki karanta mata takardun nan duka, har da ta maganar gara, kada ki tsallake layi ɗaya don ki rufa mini asiri. Ki ce mata autanta ya rushe ƙofar da Baba ya yi don girmama ta, ya kuma ɓata sunan aikinsa a gaban abokansa. Duk abin da ta yanke na ɗauka. In ta ce ba ta son ganina a tashar mota, Nusaiba za ta je taryenta.

Ƙaninki,
Mujitaba.

*

Doguwa,
Talata, 21 ga Mayu.

Mujitaba,

Wa alaikumus salam. Na karanta mata. Ban kai rabin ta farko ba ta ce, “Wuce nan, na san wannan.” Ashe tun ranar da na fito daga banɗaki da jajayen idanu ta tsare Ukasha a ƙofar gida, kai kuwa ka san Ukasha, cikinsa ba ya riƙe ko ruwa. Mako biyu tana kallona ina mata ƙaryar ciwon baya, har tana dafa mini ganye!

Amma maganar gara ba ta sani ba. Da na zo wurin ta juya fuska bango. Sannan ta ce in ɗauko biro in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara. Ga shi.

“Mujitaba, ina gaishe ka, ina gai da Nusaiba. Na ji abin da ka yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

“Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har yarinyar nan da ke rubutawa. Lokacin da za a kawo ni, mahaifinku ya ce ba maginin da zai gina wa matarsa ɗaki, shi zai yi da hannunsa. Bai taɓa ɗora tubali a kan tubali ba. Dattawa suka ce ya nemi gwani, ya ƙi. Ya auna ƙofa daidai tsayinsa, ya ɗora azara, ya yi rufi. Sai da aka gama aka zo daɓe, aka zuba ƙasa aka tayar da ɗaki don ruwa, aka yi dokin ƙofa. Ya manta da wannan a awonsa. Ƙofa ta koma gajera, biki saura kwana shida. Mamman yana yaron shago lokacin, shi ya yanke ƙyauren ya daidaita.

“Ranar da aka kawo ni, gwaggona ce a gaba. Ta buga goshi har ɗankwalinta ya faɗi. Mata suka ɗauki shewa, ana cewa wane magini ne wannan. Abokan ango suna zaure suna ji. Nan take Malam ya ɗaga murya ya ce da gangan ya yi, duk mai shiga wajen matarsa sai ya sunkuya. Aka yi ta guɗa, aka ce ba a taɓa ganin ango mai hikima irinsa ba.

“Bayan kwana bakwai ya zauna a bakin gado ya kasa dubana. Ya ce, ‘Kulu, ƙarya na yi, kuskure ne. In kina so, da rani in fasa in gyara.’ Na dubi mutumin nan, kunya kamar ta kashe shi. Na ce a bar ta, ni ta yi mini. Shekara arba’in da ɗaya ina sunkuyawa, na buge kai ya fi sau ɗari, ban taɓa ce masa wayyo ba. Shi kuma, tun daga ranar har ya koma ga Allah, bai taɓa shiga ɗakin nan da fushi ba. Ya ce kafin ya gama sunkuyawa ya tuna shi ma mai kuskure ne. Maganar da ya fara da ƙarya, da kansa ya mayar da ita gaskiya.

“Saboda haka ka gaya wa Mamman ya mayar da azara inda mai ita ya sa ta. Na rufa masa asiri yana da rai, ba zan tona shi yana kabari ba. Ƙyauren a yanke, kuma kai za ka yanke da hannunka.

“Fasa bango ban riƙe ka da shi ba, alheri ka nufa. Amma azara, Mujitaba. Awo ne ubanka bai iya ba, itace kuwa ya sani. Kafaɗarsa ta yi wata guda tana ciwo saboda azaran nan. Ƙaryarsa kansa ya rufa da ita, bai shafa wa kowa baƙi ba. Taka a kansa ka ɗora. A gaban waɗanda ka faɗa, a gabansu za ka kwashe. Ranar da ka yi, ka aiko, in taho. Kafin nan ina nan, kuɓewa ta jira.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta hana ni ƙara komai, amma ni dai sai na ƙara. Labarin ƙofar nan ya tsaya tsakaninmu, ko Nusaiba sai in Inna ce ta ga dama ta faɗa mata.

Gobe arba’in. Ta ɗaure kayanta tun shekaranjiya, suna nan a bakin ƙofa, ta zauna kusa da su.

Yayarka,
Lubabatu.

*

Badafi,
Lahadi, 26 ga Mayu.

Yaya,

Sallama. Ki karanta wa Inna.

Ran Juma’a bayan la’asar na ɗauki azara guda a kafaɗa na kai ƙofar masallacin unguwa. Na ajiye a gaban Liman da Alhaji Ghali da sauran, na ce su ƙwanƙwasa. Na ce babu gara, ni ne, da diga, kuma na yi wa Baba ƙarya. Ban iya ɗaga kai ba. Alhaji Ghali ya shafa itacen ya ce, “Haba, ni dai na san Adamu.” Liman ya sa aka yi wa Baba addu’a.

Jiya Kawu ya mayar da su huɗun inda suke. Ya ja layi a ƙyauren, ya ba ni zarto. Yankan ya ɗan karkace, adon ƙasa ya tafi. Ya ce a bar shi haka, in riƙa gani. Yana buɗuwa, yana rufuwa, sakata tana shiga. Ran Asabar mai zuwa zan je rumfarsa, ya ce akwai sauran ƙyaure biyu da zan koyi gyarawa.

Nusaiba ta share ɗakin, ta yi turare. Ni na mayar da buzun Baba wurinsa. Shekara talatin da huɗu ina sunkuya wa Inna a ƙofar nan. Yau da na zo shiga da buzun a hannu, Baba na sunkuya wa, kuma na daɗe ban ɗago ba.

Ki ce wa Inna ta taho. Ukasha zai biyo gobe da safe, na kama mata gidan gaba. Ni zan tare ta a tasha.

Mujitaba.